Kiɗan da aka zare wa murya

1/ Zare kan kiɗan da abokaina ke ce wa "kiɗan janareta" 😂 Sunansa dub, shi da jikokinsa da ake bugawa a ƙananan kulob na Landan da Barlin da Kampala. Duk wanda na kunna wa, tambayarsa ɗaya ce: to yaushe za a fara waƙar? 🧵

2/ Ban ga laifinsu ba. Mu kunnenmu a kan baiti ya taso. In an saka Shata, kalangu ɗan rakiya ne, maganar ake jira. Shi kuwa dub maganar ce abu na farko da yake cirewa.

3/ A Kingston ta Jamaika abin ya samo asali, wajen farkon shekarun 1970. King Tubby ba mawaƙi ba ne fa, mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a unguwar Waterhouse. A kawo masa waƙar reggae da aka gama tsaf, sai ya zauna gaban na'urar haɗa sauti ya zare murya, ya zare jita, ya bar ganga da bes.

4/ Sai can ya sako kalma ɗaya tak ta mawaƙin, ya sa mata amsa-kuwwa, ta yi ta maimaita kanta har ta ɓace, kamar ka yi kira cikin rijiya. Wannan wurin ne yake kashe ni wallahi. A bayan faifai ake saka irin wannan, ana ce masa "version". Ku nemi King Tubbys Meets Rockers Uptown na 1976, nasa ne da Augustus Pablo. Harbe shi aka yi a 1989, amma dabarar ta riga ta tsallaka teku.

5/ A Barlin, Basic Channel sun cusa ta cikin techno tun 1993. A Landan kuma su Mala da Coki da Loefah suka buɗe daren DMZ a Brixton a 2005, lokacin dubstep bai zama hayaniyar da aka sani yanzu ba.

6/ Waɗanda suka fi tsaya min a rai dai 'yan Nyege Nyege ne na Yuganda. Sun fara bikinsu a Jinja a 2015, suna da situdiyo a Kampala inda makaɗa ke zama su yi aiki. Su suka fitar da singeli na Dar es Salaam ga duniya, kiɗan da ke wuce bugu 200 a minti ɗaya. A 2018 ministan ɗa'a Simon Lokodo ya ce a hana bikin. An yi shi duk da haka.

7/ To ga matsalata. Wannan kiɗa don bangon sifiku aka yi shi, don bes ya daki ƙirjinka kafin kunnenka ya ji. Sifikar waya ba ta iya fitar da wannan kaurin sautin, shiru kawai za ka ji a wurin. Shi ya sa abokaina ke jin kamar babu komai a ciki.

8/ Ni kuma ban taɓa shiga kulob ba, ban da niyya ma. Baba ya ji wannan kalmar a bakina kuɗin makaranta sun tafi kenan 😭 Da iyafis nake ji, a hostel, ƙarfe biyun dare, da datar dare. Rabin kiɗan nake samu, na sani.

9/ Hutun da ya wuce na ɗauki sautin kalangu da waya a bikin yayata. Na zuba shi a kwamfuta, na rage gudunsa, na yanke guɗar mata na bar guda ɗaya, na sa mata amsa-kuwwa. Minti huɗu ne. Har yau ban ji yadda bes ɗinsa yake ba.

10/ Duk mai sifika babba a Samaru ya min magana don Allah. Awa ɗaya kawai, ni zan sayi man janareta.