Ladan Gola: Tsokaci a Kan Kuɗin Shiga Gasar Hokin Ƙanƙara ta Nishaɗi a Kanada

Da zarar watan Satumba ya kama a Kanada, dubban magidanta da matan aure da samari sukan fara karkaɗe jakunkunan wasansu domin komawa filayen ƙanƙara. Mutane ne na yau da kullum, irin su malaman makaranta da direbobi da akantoci da ma'aikatan jinya, waɗanda ke buga wasan hoki sau ɗaya ko biyu a mako bayan an tashi daga aiki. Sau da yawa sai dare ya yi nisa suke samun fili, domin yara da matasa ake ba lokutan yamma. A can ana yi wa irin wannan gasa laƙabi da gasar giya, saboda al'adar zaman hira da ake yi bayan an tashi. Kafin a buga wasan farko na kowace kaka, sai kyaftin ya tara kuɗi daga hannun 'yan ƙungiyarsa, kuma a nan ne wata tsohuwar muhawara take kunno kai: shin mai tsaron raga, wato gola, zai biya kamar kowa, ko kuwa a ɗauke masa?

Kafin a shiga cikin muhawarar, ya dace a fayyace yadda wasan yake. Ana yin sa ne a kan daskararriyar ƙanƙara, da takalma masu siririn kaifin ƙarfe a ƙarƙashinsu. Kowane ɓangare yana da mutum 6 a fili, biyar masu kai da kawo, ɗaya a bakin raga. Maimakon ƙwallo, ana buga wani faifan roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa kimanin giram 170. Ragar kuwa faɗinta ƙafa 6 ne, tsayinta ƙafa 4. An buga wasa na farko mai tsari a cikin rufaffen fili a birnin Montreal ranar 3 ga Maris, 1875, kuma a shekarar 1994 majalisar dokokin Kanada ta ayyana hoki a matsayin wasan ƙasa na lokacin hunturu. Ƙanƙarar da ake gasa a kanta injuna ne ke daskarar da ita dare da rana, don haka hayar fili ta awa ɗaya tana da tsada. Ga kuma alƙalan wasa da mai kula da agogo da inshora. Hukumomi irin su CARHA, wadda aka kafa a 1975, da gasar Adult Safe Hockey League ta kamfanin Canlan, suna cikin masu tafiyar da wannan harka. Galibi akan ɗora wa ƙungiya kuɗin kaka a dunƙule ne, ita kuma ta raba a tsakanin 'ya'yanta yadda ta ga dama.

Al'adar da ta fi yaɗuwa ita ce gola ya shiga ba tare da ya biya komai ba, ko kuma ya biya rabi. Yawancin ƙungiyoyi ba su rubuta wannan a ko'ina ba, gadonsa kawai suka yi. Nauyin da yake jawo wa sauran kuwa ana iya lissafa shi cikin sauƙi. A ƙaddara ƙungiya tana da mutum 15 har da gola. Idan kowa zai biya, a raba kuɗin gida 15. Idan aka ɗauke wa gola, a raba gida 14, wanda ke nufin kowane ɗan wasa ya sami ƙarin kimanin kashi 7 cikin 100 a kan kasonsa. Ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke zafafa gardamar shi ne tambayar da ke ƙarƙashin lissafin, wato me ya sa mutum ɗaya zai ci moriyar abin da mutum 14 suka biya.

Hujja ta farko da masu goyon bayan al'adar ke kawowa ita ce tsadar kayan gola. Yana buƙatar manyan matasai biyu da ke rufe ƙafa tun daga idon sawu har cinya, da sulken ƙirji da hannuwa, da safar cafkewa a hannu ɗaya, da safar karewa a ɗayan, da hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska, da garkuwar wuya, da takalma da sanda na musamman. Sabon saiti yakan kai dubban daloli, fiye da abin da sauran 'yan wasa ke kashewa nesa ba kusa ba. Kusan kowane yanki na waɗannan kaya kuma jini ne ya haifar da shi. Ranar 1 ga Nuwamba, 1959, a birnin Niyok, faifan da Andy Bathgate ya buga ya fasa fuskar Jacques Plante, golan Montreal Canadiens. Bayan an yi masa ɗinki sai ya ce ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuskar da yake sawa a atisaye. Kocinsa Toe Blake bai so ba, amma babu wani gola a benci, tilas ya amince. Daga nan rufe fuska ya fara zama ruwan dare. A ranar 22 ga Maris, 1989 kuma, kaifin takalmin wani ɗan wasa ya yanki Clint Malarchuk na Buffalo Sabres a wuya, da ƙyar aka ceto ransa. Wanda ya sayi waɗannan kaya da kuɗin aljihunsa, ya saya ne domin sauran su sami damar buga faifai da iya ƙarfinsu ba tare da fargabar kashe abokinsu ba.

Hujja ta biyu ta shafi jiki. 'Yan wasan fili sukan yi minti ɗaya ko biyu su fita su huta a benci, wasu su canje su. Gola yana nan tsaye tun daga farko har ƙarshe, cikin kaya masu nauyi da ke ƙara nauyi idan sun sha gumi. Salon tsaron da Patrick Roy ya yaɗa tun daga shekarun 1980, inda gola ke faɗawa kan gwiwoyinsa ya baje ƙafafu gefe da gefe, shi ne ake koya wa kusan kowa a yau, kuma an san yadda yake cin ƙugu da gwiwa. Magidanci mai shekara 45 da ya yi haka sau talatin a daren Talata, zai ji a jikinsa da safiyar Laraba a wurin aiki.

Hujja ta uku ita ce ƙaranci. Ƙungiya tana iya wasa ko da mutum huɗu sun ƙi zuwa, sai dai sauran su gaji. Idan gola bai zo ba kuwa, an yi asarar daren, domin harbin raga marar mai tsaro ba ya gamsar da kowa. Wannan buƙata ta haifar da kasuwa. A manyan birane irin su Toronto da Montreal ana hayar gola na wasa ɗaya, a biya shi, har akwai manhajojin waya irin su GoalieUp da aka ƙirƙira domin haka. Sana'ar ta shahara har aka yi wasan barkwanci a kanta mai suna Rent-a-Goalie, wanda tashar Showcase ta fara nunawa a 2006. Ko babbar gasar ƙwararru ta NHL ba ta tsira daga wannan matsala ba. Ranar 29 ga Maris, 2018, wani akanta mai shekara 36, Scott Foster, wanda ke buga gasar nishaɗi a Shikago, ya tsare wa Chicago Blackhawks raga na kusan minti 14, ya kare duk harbi 7 da aka yi masa. Ranar 22 ga Fabrairu, 2020 kuma, David Ayres mai shekara 42, wanda ya yi aikin tuƙa motar Zamboni mai gyara fuskar ƙanƙara, ya shiga wa Carolina Hurricanes bayan masu tsaron ragarta biyu sun ji rauni, aka doke Toronto Maple Leafs da ci 6 da 3. Mutumin da wasu ke biya domin ya zo, da wuya a shawo kansa ya biya domin a bar shi ya zo.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma ba su rasa abin cewa ba. Babu wanda ya tilasta wa gola zama gola. Shi ya zaɓa, domin a nan yake jin daɗin wasan, kuma babu wanda ya kai shi daɗewa a kan ƙanƙarar da ake biya wa haya. Kayansa suna da tsada, amma sukan yi shekaru, kuma ana samun na hannu a kan rahusa, alhali kuɗin shiga kowace kaka ake biyan sa. Bugu da ƙari, idan halin aljihu ne ma'auni, akwai ɗalibi ko wanda aka sallama daga aiki a cikin 'yan wasan fili da ya fi wani golan cancantar rangwame. Yana yiwuwa golan likita ne, mai biya masa kuwa leburan gini. Hujjar ƙaranci ma tana da rauni a fuskar adalci, domin hujja ce ta kasuwa. Duk ranar da masu tsaron raga suka yi yawa a gari, ta rushe. Abin da ke tsaye a kan ƙaranci kaɗai farashi ne, kuma farashi yana hawa yana sauka.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na alƙawari. Wanda ya biya kuɗin kaka tun farko, kuɗinsa yakan ja shi zuwa fili ko da dusar ƙanƙara tana zuba da ƙarfe 11 na dare. Wanda bai biya ba, babu asarar da zai yi idan ya aiko da saƙon uzuri awa ɗaya kafin wasa. Wasu masu tsaron raga sukan riƙe ƙungiyoyi biyu ko uku a kaka ɗaya tunda babu abin da suke biya, idan jadawali ya ci karo sai su zaɓi wadda suka fi so. Su ma kuma akwai abin da suke rasawa wanda ba a cika faɗa ba. A ƙungiyar sa-kai, biyan kaso shi ne shaidar zama ɗan gida. Golan da ba ya biya yakan zama tamkar baƙo, ba a tambayarsa ranar da za a zaɓa ko rukunin da za a shiga, kuma idan an sami wanda ya fi shi ana iya sallamar sa ba tare da kunya ba. Wanda ake ci da shi, ba ya ɗaga murya a kan tuwo.

Idan aka dubi hujjojin ɓangarorin biyu da kyau, za a ga saɓanin ya ta'allaƙa ne a kan sunan da za a ba wannan ɗauke nauyi. Hausa tana da kalmomin da ke rarrabe abin da Ingilishin 'yan wasan ya cure a kalma ɗaya mai nufin shiga ba biya. Idan kyauta ce, to mai bayarwa yana sama, mai karɓa yana ƙasa, ana iya janye ta, ana kuma iya yin gori da ita. Idan lada ce, to gola ɗan ƙodago ne, abin da ke tsakaninsa da ƙungiya ciniki ne, kuma babu laifi idan ya koma inda aka fi tsoka. Akwai suna na uku, wato kaso. A aikin haɗin gwiwa ba dole ne kowa ya kawo abu iri ɗaya ba. Wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo kayan aiki da ƙarfinsa, duk kuma masu abu ne. A wannan fahimta gola ya riga ya biya, sai dai ya biya ne da abin da littafin ma'aji ba shi da gurbin rubutawa.

Wannan suna na uku shi ya fi dacewa da gaskiyar lamarin, kuma yana zuwa da sharuɗɗa a kan kowa. A ɓangaren ƙungiya, kada ta nemi kuɗin hayar fili daga golanta na dindindin, ta kuma ba shi murya daidai da ta kowa a duk shawarar da za a yanke. A ɓangaren gola, zuwansa shi ne kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan uzuri ya taso masa, shi ya kamata ya nemo madadi, idan kuma sai an yi haya, ya biya daga aljihunsa, kamar yadda ɗan wasan fili ke asarar kuɗin daren da bai zo ba. Kuɗin rajista da inshora da ke kan sunansa shi kaɗai, ya biya da kansa, domin jikinsa suke karewa. Inda masu tsaron raga biyu ke raba ƙungiya ɗaya kuwa, nauyin zuwa ya ragu a kan kowannensu, don haka babu zalunci idan aka nemi su haɗu su biya kason mutum ɗaya. Abu mafi muhimmanci shi ne a faɗi duk wannan a fili tun kafin kaka ta fara, domin al'adar da ba a furta ba kowa yakan fassara ta yadda ta yi masa daɗi, sai ranar da aka sha kashi da ci 9 a ji wani yana tuna wa gola cewa ai ko sisi bai biya ba.

Ƙungiyoyin nan sukan yi shekara goma ko ashirin tare. 'Yan wasan sukan halarci bukukuwan juna da jana'izar iyayen juna, kuma ga da yawa daga cikinsu wannan awa ɗaya ta mako ita ce kaɗai lokacin da suke haɗuwa da abokai a tsawon hunturu. Ƙarin kashi 7 cikin 100 ba ya raba irin wannan zumunci. Abin da ke raba shi shi ne mutum 14 su riƙa ganin suna yi wa ɗaya alfarma, shi kuma yana ganin shi ne ke yi musu.