Matakalar Yotsuya

A shekarar 2019 Allah ya nufe ni da tafiya ƙasar Japon, wani horon malamai na sati uku. Daren da zan bar Maradi kowa a gida ya faɗi tsarabar da yake so. Ɗiyata ta fari, wadda a lokacin take aji uku na kwaleji, ba ta roƙi zane ko agogo ba. Ƴar takarda ta miƙo mini, an rubuta: Suga, unguwar Yotsuya, Tokyo. Ta ce: "Baba, wata matakala ce, fotonta kawai nake so."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina fama da ƴaƴan mutane su buɗe littafi, na Faransanci ko na Hausa, ga tawa ta cikina ta ba desan-anime na Japon zuciyarta. Ban san iyakar sau nawa na karɓe mata salula a kan haka ba. Amma na sa takardar cikin aljihu.

Matakalar a cikin Kimi no Na wa take, fim ɗin da Makoto Shinkai ya fitar a 2016. Labarin wani saurayi ne na Tokyo da wata budurwa ta ƙauye, waɗanda kowanensu kan farka cikin jikin ɗan'uwansa, daga baya su manta da juna, sai a ƙarshe su gamu bisa wannan matakala. Ƙauyen ƙagagge ne, amma matakalar tana nan, gindin wurin ibada na Suga. Mutanen Japon suna kiran irin wannan ziyara seichi junrei, wato ziyarar wurare masu tsarki. Har wata ƙungiya aka kafa a 2016 mai fitar da jerin wurare 88, adadin da ta aro daga tsohuwar ziyarar ɗakunan ibada 88 na tsibirin Shikoku.

Ranar wata Lahadi na sauka jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Yotsuya-sanchome, na bi lunguna tsakanin ƙananan gidaje har na same ta. Matakala ce kurum, da jan ƙarfen dafawa. Da ban ga jama'a ba, da na wuce ta. Samari da ƴammata sun yi layi, ana magana ƙasa-ƙasa don gidajen mutane ne kewaye. Wannan ya hau, waccan ta sauko, su juyo su dubi juna, abokinsu ya ɗauka. Wata tsohuwa da jakar cefane ta tsaya har suka gama kafin ta wuce, ba ta ce uffan ba.

Ina cikin yi musu dariya a zuci sai na tuna kaina. Lokacin da nake ɗalibi ba ni da burin da ya wuce in ga kurkukun Château d'If na Marseille, saboda littafin Alexandre Dumas. Edmond Dantès bai taɓa rayuwa ba, amma ana nuna wa baƙi ɗakin da aka ce nan aka kulle shi. Garin Illiers kuwa, a 1971 ya ƙara Combray a sunansa don Marcel Proust. Wannan a aji nakan kira shi darajar adabi. To mene ne sunan na ɗiyata?

Duk da haka akwai abin da bai kwanta mini ba. Mai karatu da kansa yake gina wurin a zuciya, in ya je ya ga inda ya yi kuskure. Masu zanen nan kuwa sun kwafi komi, har turakun lantarki da wayoyinsu, saboda haka maziyarci gwadawa ya zo yi: ido ɗaya a salula, ɗaya a matakala. A iya zaman da na yi, kaɗan ne suka ƙarasa sama suka leƙa wurin ibadar.

Na tsaya daga ƙasa na ɗauki foto na aika. Ƙarfe uku na rana ne a Tokyo, bakwai na safe a Maradi. Ban kai bakin lungu ba amsa ta shigo ta wayar uwarta: "Baba, Allah ya saka da alheri, amma ba daga nan ake ɗauka ba. Ka hau can sama, ka juyo, jan ƙarfen ya fito."

Na koma na shiga layi, bayan wasu yara biyu da ba su wuce sa'anninta ba.