Kacalar da ke wanke ruwa a Bangalor

Jinyar yayana ce ta kai ni Bangalor, babban birnin jihar Karnataka a kudancin Indiya. Da jiki ya yi sauƙi, sai wani ma'aikacin masaukinmu ya ce in je in sha iska a tafkin Jakkur da ke arewacin gari. Raina bai kwanta ba, don labarin da na sani na tafkunan birnin shi ne na Bellandur, wanda ƙazanta ta sa yake amayar da kumfa har kan titi, a Fabrairun 2017 kuma ya kama da wuta. Tafki guda, da wuta! Duk da haka na tari a-daidaita-sahu.

Ina sauka na ja numfashi, ban ji wari ba. Ga kwasakwasa garke guda suna iyo, ga balbelu a gaɓa, mata da tsofaffi na zagaye a ƙafa. Can tsakiya wani masunci na jefa taru daga cikin jirgi zagayayye kamar kwando. Na daɗe ina kallonsa, na kasa gane yadda bai kife ba.

Na sami wani dattijo cikin mazauna unguwar da ke kula da wurin, na ce, "Baba, wane kogi ne ke kawo wannan ruwa?" Ya nuna mini dogayen benaye. Na sake tambaya, ya sake nunawa. Ashe ruwan wanka da na bayan gida ne na unguwannin kewaye.

Ya ja ni har inda abin ke farawa. Da farko ruwan na shiga matatar da aka gina don tace lita miliyan 10 a rana. Daga nan ba a sakin sa kai tsaye, sai ya ratsa wata fadama da aka shirya musamman, yana tafiya sannu a hankali tsakanin ciyayi. Nan na yi turus, domin kacala na gani. Kacalar nan da ta toshe magudanan Haɗeja da Nguru, ta cinye gonaki, ta hana masunta sakat, ita ce a nan aka sa aiki. Saiwoyinta da ƙananan halittun da ke maƙale da su na zuƙe sinadaran naitirojin da fosfaras, wato takin da ke cikin ƙazantar. Abin da ya saura gansakuka ta sha, kifi ya ci gansakuka, masunta da tsuntsaye su ɗebe kifi. Wallahi hikimar ta burge ni, don babu ko guda cikin waɗannan da ba mu da shi a bakin Jakara ko kududdufan Kano, kafin a cike da yawansu a yi gini.

Tafkunan Bangalor mutanen da ne suka haƙa su, suka jera su ta yadda in ɗaya ya cika zai zuba wa na ƙasa. Rarar Jakkur na gangarawa tafkin Rachenahalli, wani ruwan kuma ya nutse ya raya rijiyoyin kewaye, a garin da ake turo wa ruwan famfo daga kogin Kaveri, tafiyar kusan kilomita 100.

Dattijon bai ɓoye mini wahalar ba. Ya ce dole a riƙa yanke ciyawar ana fitarwa, in ba haka ba ta ruɓe ta mayar da takin cikin ruwa. Da damina kuma ɗanyar ƙazanta kan biyo kwatami ta kewaye matatar, sai su fito da sassafe suna duba ko kifi ya fara tasowa neman iska.