Gwajin Baba

Ciwon Auta suna uku gare shi a gidanmu na Sabon Gari. Kakarmu takan ce amosani ne, sanyin Agadez ne ya shiga ƙashinsa. Maƙwabta kuwa, da yake Inna ta binne yara biyu kafin shi, ɗan wabi suke ce masa a bayan idonmu. A karnensa na likita kuma aka rubuta drépanocytose, wato sikila. Sai da na shiga karatun ilimin harshe na gane cewa kalmar Faransancin daga drepanon ta fito, lauje ke nan a harshen Girka, ita ma sikila laujen take nufi a Turancin Ingila. Dalili shi ne jajayen ƙwayoyin jinin mai ciwon sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar mai lafiya takan yi kwana 120, tasu da ƙyar take kai 20.

Amma ba sunan ne ya kusa tarwatsa gidanmu ba, gwaji ne.

Auta na da shekara huɗu, cikin hunturun Janairu, ya kwana uku yana ihu, hannu da ƙafa sun kumbura. Aka ce iyaye su ba da jini a yi musu gwajin Emmel, wanda aka fi yi a ƙananan dakunan bincike. Na Inna ya nuna tana ɗauke da S. Na Baba bai nuna komi ba. To, kowa ya ji a rediyo cewa sikila sai uwa da uba sun haɗu suke ba ɗa. Ba wanda ya fito fili ya faɗa, amma wata gwaggona ta ce a tsakar gida, tana tsintar gero: "Ikon Allah, ɗan nan ko ina ya gado wannan jini?" Wallahi har yau ina jin yadda taɓaryar Inna ta tsaya cak. Wata biyar Baba bai ci tuwonta da daɗin rai ba, gaisuwa ma sai ta dole.

Wani enfirmiye ne ya matsa a tafi Yamai, cibiyar ƙasa mai kula da masu sikila, a yi gwajin elektoroforez. Tafiyar kusan kilomita dubu ta hanyar Tahoua, an sai da akuya biyu. Can aka gano Baba na ɗauke da wani gado daban, beta talasemi. Shi wannan ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, sai dai ya sa jiki ya kasa ƙera isasshen sinadarin hemogulobin, mai ɗaukar iskar numfashi. Wanda ya gaji ɗaya kawai yakan rayu lafiya lau, iyaka ɗan ƙarancin jini, kuma gwajin Emmel ba ya ganinsa ko kaɗan, tunda lauje kaɗai yake nema. In ya haɗu da S na uwa, ɗan yakan yi ciwo irin na sikila. Kowane ciki, ɗaya cikin huɗu. Auta ɗan Baba ne, jinin ma shi ya shaida.

Abin da ke ci mini rai, ni ɗalibar harshe, shi ne ba mu da kalmar. Thalassa teku ne a harshen Girka, don a mutanen bakin Bahar Rum aka fara lura da ciwon. Likita Thomas Cooley ya bayyana shi a Amurka a 1925. Ciwon teku a garin da ruwan famfo ma sai an yi layi! Da akwai sunansa a bakin mutane, da gwaggona ta sami wata amsa ban da wadda ta zaɓa. Duk 19 ga Yuni ana wayar da kai kan sikila, AA, AS, SS, wani lokaci har C, amma ni dai ban taɓa jin an ambaci talasemi ba. Ku ƴan'uwana masu shirin aure, musamman na zumunci, in kun je gwaji ku nemi elektoroforez, ku kuma tambayi batun talasemi da bakinku.

Ni ma na yi bara. Gadon Baba na ɗauko. Na faɗa wa ɗan kawuna da ake ta yi mana zancen baiko, ya ce zai yi nasa in ya sauko daga Arlit, har yanzu ina jira.

Takardar Yamai tana cikin adakar Inna, ƙarƙashin zannuwan aurenta. Gwaggo ba ta taɓa ba ta haƙuri ba. Ta dai aiko da mudun dabino ranar Biyanu, Inna ta karɓa, ta ba Auta.