Da Aka Ce Ya Ɓace

CPAM wani yanki ne na huhu da bai ginu daidai ba tun jariri yana ciki. Maimakon ƙananan hanyoyin iska su yi rassa yadda ya kamata, sai su zama tarin jakunkuna da ba sa taimaka wa numfashi. Ba abin da uwa ta ci ko ta ɗauka da ke jawo shi. A nan Ingila yawanci a sikanin na mako 20 ake ganinsa. Ana auna girmansa a raba da kewayen kan ɗan tayi. Idan lissafin ya haura 1.6, ana fargabar ya danne zuciya har ruwa ya taru a jikinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a karatuna na hoton asibiti shi ne yadda yake ɓuya. Yakan yi girma zuwa wajen mako 28, sannan ya ragu. A ƙarshen ciki lafiyayyen huhun ma yana ƙara haske a sikanin, sai su saje. Bayan haihuwa hoton ƙirji na iya fitowa fes, alhali abin na nan. CT ne ke tona shi, musamman idan an yi allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, domin a ga ko wata jijiya daga babbar jijiyar zuciya ce ke shayar da wurin.

Haka ta faru da matar wani ɗan garinmu. An ce ba a ganinsa, an yi suna, an raba waina, sai ga takardar CT. Surukarta ta bugo daga gida: Allah ya warkar, me kuma ake nema?

“Ƙanwata, ke da kika karanta, in je?”

“Yaya, ki je. Ba a gani daban, babu daban.”

Tsoronta na hasken na'urar ban raina shi ba, ko da yake ana rage wa jarirai shi ƙwarai. Amma yaron da ba a san yana da shi ba zai iya yin ta fama da ciwon huhu a wuri guda, ana ta ɗura masa magani. Ta je. Yana nan a ƙasan huhun hagu. Yanzu saura zaɓi tsakanin tiyata da sa ido, abin da likitocin kansu ba su daidaita a kai ba.