Wadda Ta Riƙe Mini Inna a Gidan Rumji

A watan Satumba na 2023 aka kira ni ina shago a Kantin Kwari, aka ce Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ɓarinta na dama ya shanye. A da, in na bar Kano da asuba, a Gidan Rumji nake sallar la'asar. Wannan karon sai da na yi wata shida ban je ba. Tun da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar da take ba Nijar. 'Yan babura na ratsa daji da mutane, amma dajin Jibiya ba wurin wasa ba ne. Inna da kanta ta aiko, da bakinta da ya karkace, cewa idan na bi ta daji ba ta yafe ba. Sai na riƙa ba wani ɗan kasuwa naira a Kano, yaronsa ya miƙa sefa a Maraɗi. Kullum naira na faɗuwa, jikkunan da ke isa gida na raguwa.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, cikin azumi, na kama hanya. Daga Katsina muka nufi Jibiya, muka wuce Magama, muka shiga Ɗan Issa. Shingayen hanya ban ƙirga su ba. A kowanne direba ya sauka, ya dawo yana tsaki. Shekara ashirin da biyu ina Kano, 'ya'yana duk can aka haife su, amma da na miƙa katina na Nijar a wannan gefen sai aka tambaye ni me nake yi a ƙasar mutane. A wancan gefen kuma wani ya ji Hausata ya ce, "Alhaji, kai ai Bakano ne."

A tashar Maraɗi na shiga motar da ke bin babbar hanyar Madawa da Ƙonni. Samari uku ne a bayana, kowa da jarkar ruwa da aka naɗe da buhu. Agadas za su, daga can Libiya. Ɗayansu ya ce yanzu ba a ɓoye ake tafiya ba, tunda a Nuwambar 2023 gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar nan ta 2015 da ta sa aka riƙa kama direbobin da ke ɗaukar matafiya zuwa Sahara. Wani dattijo a gefena ya tambaye shi, "To wa ka bar wa tsohuwarka?" Yaron ya ce matarsa. Dattijon ya gyaɗa kai. Ni kuwa na juya fuska ina kallon Tsibiri, garin Sarkin Gobir, har muka wuce.

Hanyar na tafiya kusa da Gulbin Maraɗi, wanda a wannan lokaci yashi ne kawai da lambuna a gefensa. Ruwansa daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratso Maraɗi da Tsibiri da garinmu, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. Muna yara mun san da haka, kamar yadda muka san cewa Sabon Birni da Tsibiri gida ɗaya ne tun kafin Ingila da Faransa su ja layi a tsakaninsu.

Na yi sallama a ƙofar gida ana shirin shan ruwa. Matar ƙanena ce ta fito da goyo, ta durƙusa. "Yaya, sannu da hanya. Ina gajiya?" Mijinta na Tamanrasset yana aikin gini. Sau ɗaya an taɓa kwaso su a mota aka zube su a bakin iyaka, suka taka kilomita 15 a cikin rairayi zuwa Assamaka, amma da ya yi damina ɗaya a gida ya sake komawa. 'Ya'ya huɗu ya bar mata, da gona, da awaki.

Na shiga ɗakin Inna da fargabar abin da zan tarar. Na same ta a jingine da bango, fes da ita, an yi mata sabon kitso, ba gyambon kwanciya ko ɗaya a jikinta. A gabanta wata mata ce da ban sani ba, tana ba ta kunu da ludayi, tana share mata gefen baki da bakin zanenta. Tsagar Gobirawa da ke kumatunta irin ta Inna ce sak.

Daga baya na ji labarinta. Daga wani ƙauye take a ƙasar Sabon Birni. A 2019, shekarar da 'yan bindiga suka koro dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, aka kashe mijinta a gona. Ta tsallako da ƙafa. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaunar da wasu a Garin Kaka, wasu a Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ita kuwa Inna ce ta gan ta a kasuwa tana neman aikin surfe, ta ce ɗakin da na bari ba kowa a ciki. Da ciwo ya zo, ita ke ɗaga Inna, ita ke juya ta cikin dare, ita ke wanke shimfiɗa. Lokacin da magani ya yi wuya saboda rufe iyaka, ita ta riƙa hawa mota zuwa Maraɗi tana bin shago-shago da takardar likita.

Kwana tara na yi. Na gwada ɗaga Inna sau ɗaya, ta yi ƙara, ta ce da ƙyar, "Bar shi, ba ka iya ba. Kira ɗiyata."

Daren da zan tafi na naɗe kuɗi na miƙa wa baiwar Allahn nan. Ta ƙi karɓa.

"Alhaji, ɗaki ta ba ni ran da ba ni da inuwa. Mi zan amsa kuma?"

Na matsa mata. Ta yi shiru, sannan ta kwance bakin zane ta fito da wata 'yar takarda da ta yi laushi, da lambar waya a jiki.

"In dai kana son ka yi mini wani abu, ɗana na Kano yana tura ruwa. Shekara biyu ban gan shi ba. Ka duba mini ko yana cin abinci."

Kwana uku da komawata na same shi da kurarsa a bakin wata rijiyar burtsatse, siriri, da tsagar uwarsa a fuska. Yanzu a zaurena yake kwana. Ranar Juma'a bayan masallaci nakan kira gida. Uwarsa ta kara wa Inna waya a kunne mu gaisa, sannan na miƙa masa tawa na ba su wuri.