Gadar Tuga: Hanyar Lafiya Zuwa Iyakar Benin

Uwargida, idan Allah ya kai ki Bagudo a Jihar Kebbi, kika nufi iyakar ƙasar Benin, to ba makawa sai kin tsallake kogin Kwara. Garin Bagudo yana wannan ƙetaren, Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya kuwa suna wancan. In kin wuce Tsamiya sai Segbana, kin shiga Benin ke nan. Gadar Tuga ita ce ta haɗa ƙetaren biyu.

Da motarku ta hau gadar, ki leƙa ta taga. Ga fadamun shinkafa shimfiɗe, ga masunta suna jefa koma. Kafin ki gama kallo har kun ƙetare.

To amma ki tuna da 'yar'uwarki wadda ƙauyensu ya yi nisa da gada. Ita in naƙuda ta yi gardama cikin dare, sai an taso mai kwalekwale. Ga igiyar ruwa, ga kututture a ɓoye. Ranar kasuwa kuwa a loda mutane da buhuna da babura, har ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a wannan kogin kusa da Wara, ta ƙaramar hukumar Ngaski, kuma kaɗan ne suka tsira.

Ba mu kaɗai ke fama da muguwar hanya ba. A ƙasar Norwe ta Turai, teku ya kutsa lungu-lungu tsakanin manyan duwatsu. Titunansu na da sun bi gefen dutse, ƙasa ruwa, sama duwatsu da ƙanƙara na gangarowa. Sai suka riƙa huda dutsen, titi ya bi ta cikinsa. Ramin Lardal, da aka buɗe a 2000, tsawonsa kilomita 24.5. Su dutse suka huda, mu gada muke bukata, amma manufar ɗaya ce: wanda ya fita ya dawo gida.

Kafin gada ta wadaci kowa, 'yar'uwa, kada ki shiga jirgin ruwa da dare, kada ki sa yaranki a wanda ya cika maƙil, kuma ki nemi rigar kariya. In da hali, ki lallaɓa maigida ku zaga ta Tuga, ko da kuɗin mota zai ƙaru. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah ya kiyaye mana hanya.